Taku 143 daga bakin kwalta: littafin aikin gidanmu na cikin birni

Asabar, 13 ga Janairu, 2024

Yau bayan la'asar muka yi zaman farko a tsakar gida. Wata biyar ke nan da rasuwar Baba, Allah ya jiƙansa, Hajiya ta fita takaba, don haka maganar da kowa yake ta kauce mata ta fito fili: gidan nan, a sayar a raba kuɗi, ko a gyara a ci gaba da zama?

Magada mu takwas ne. Hajiya, maza uku, mata huɗu. Malamin da ya yi mana lissafi ya kasa gidan kashi 80: tumunin Hajiya 10, kowane namiji 14, kowace mace 7. A takarda abin ya fita tsaf. Amma ba wanda zai iya nuna maka inda kashi 7 yake a cikin gidan da zaure ɗaya ne, rijiya ɗaya, banɗaki biyu.

Ni aka ɗora wa aikin binciken, wai don ni ne malamin makaranta, na saba da biro. Abu uku ake so in kawo: nawa gidan zai yi a kasuwa, nawa gyaransa zai ci, kuma me kason kowa zai iya saya masa a wani wuri. Yaya Babba ya ja kunnena kada in rubuta adadin kuɗi inda wani zai gani. Saboda haka duk tayin da aka fara yi mana zan kira shi 100, sauran in auna su da shi.

Hajiya ba ta ce uffan ba har aka tashi. Tana ta tsince wake a faifai.

Asabar, 27 ga Janairu

Na ari tef wajen wani kafinta, ni da autanmu muka auna gidan. Fuskarsa ƙafa 38, zurfinsa ƙafa 71 ta gefen gabas, 64 ta yamma, domin katangar baya a karkace take. Gidajen cikin badala haka suke, ba a yanka su da igiya ba, kowa ya gina inda kakansa ya tsaya. Zaure, shigifa, turakar Baba da soro a samanta, ɗakuna shida kewaye da tsakar gida, sai wani fili a can baya inda a da ake ɗaure awaki, yanzu tarkace ne da tsohuwar randa.

Kakanmu ne ya gina shi kafin 1960, da tubali da azara. Baba ya yi wa katangar waje shafen siminti, ya ɗora kwano a kan ɗakuna uku na gefen yamma, ya yi wa tsakar gida daɓen siminti. Sauran duk yadda aka gada.

Abin da ban taɓa lura da shi ba duk shekarun da na yi ina shige da fice: idan za ka shiga zaure, gangarawa kake yi. Na ɗora tef, lungun ya fi daɓen zauren tudu da inci 14. A hoton sunan Yaya Babba, dokin ƙofar yana sama da hanya. Shara, ƙasar rusassun katangu da cikon da kowa yake zubawa a ƙofar gidansa duk damina sun ɗaga lungun, gidan ya zauna a rami.

Na kuma ƙirga taku daga inda adaidaita sahu yake sauke mutum zuwa ƙofarmu. 143, da kwana uku. A kwana ta biyu faɗin lungun ƙafa huɗu ne da 'yan inci. Ranar jana'izar Baba sai da aka ɗan karkata makara a wurin kafin ta wuce. Na rubuta adadin ne kawai don cika takarda, ban ɗauke shi da wani muhimmanci ba.

Lahadi, 4 ga Fabrairu

Na kawo wani dattijon magini, wanda ya gaji sana'ar, ya haura saba'in amma har yanzu yana hawa tsani. Bai zo da komai ba sai guntun rodi da 'yar wuƙa a aljihu.

Ya fara da katangar waje. Yana tafiya yana ƙwanƙwasa simintin da rodin, kunnensa kusa da bango. Wani wurin ya ba da sauti tim, wani wurin kuma ya amsa kamar ganga. Inda ya amsa sai ya tsaya ya ce, "Ka ji? Nan siminti ya rabu da ƙasa. Riga ce kawai a rataye." Ya ɓanɓare wani ɓawo kamar faɗin tafin hannu daga ƙasa-ƙasa, ya cusa yatsa, ƙasar ta zubo lis kamar garin tuwo, da wani fari-fari kamar kanwa a jikinta.

Bayaninsa shi ne, ginin ƙasa yana shan danshi daga tushe, ya kuma fitar da shi ta jikinsa idan rana ta buga. Yaɓen da, na makuba (jiƙon ɓawon ɗorawa) ko na katsin marina (gurɓin da ke kwanciya a ramin rini), yana korar ruwan sama amma yana barin bango ya sha iska. Siminti kuwa toshewa yake yi. Danshin ya hau, ya rasa hanyar fita, ya zauna yana cin bangon ta ciki, waje kuma sumul kamar ba komai. Na ce, "Baba, ashe gyaran da mahaifinmu ya yi shi ne ya jawo?" Ya ce, "Kowa haka ya yi a lokacin, ɗana. Wanda bai shafa siminti ba ai talaka ake ce masa."

Da muka shiga turaka sai fuskarsa ta sake. Ya daɗe yana kallon bakan gizon rufin. Ya hau tsani ya riƙa soka wuƙa a kan azarorin ɗaya bayan ɗaya, wuƙar tana dawowa. Ya ce namijin giginya ne, gara ba ta iya masa, irinsa yanzu sai an yi tafiya kafin a samu. Turaka, shigifa da zaure, in an tsare musu ruwa, za su binne jikokinmu. Ɗakunan yamma da aka yi wa kwano su ne matsala: an cire nauyin rufin ƙasa, an kafa katako a kan bangon da ba a ɗaure ba, ruwan kwanon kuma yana zuba daidai gindin katanga tunda ba indararo. Biyu daga ciki ya ce kada a bar kowa ya kwana a ciki damina mai zuwa.

Wato sashen da ya fi tsufa shi ne lafiyayye. Ban san yadda zan faɗa wa Yaya wannan ba, shi da kullum yake cewa a rushe "tsohon ginin" a bar na kwano.

Asabar, 17 ga Fabrairu

Makon dillalai. Na kawo uku, kowa ranarsa daban, ban gaya wa ɗaya na kira ɗaya ba, ko da yake zuwa Alhamis duk sun sani.

Na farko ko turaka bai leƙa ba. Ya tsaya a tsakar gida ya juya sau ɗaya, ya tambayi faɗi da tsawo, sannan ya ce in raka shi waje. A kwana ta biyu ya buɗe hannuwansa biyu, ya taɓa bango da bango, ya girgiza kai. "Malam, gidanku ba shi da laifi. Hanyarku ce ba ta da kyau." Ya ce mai saye fili yake saye, ginin kuwa sai ma a cire kuɗin rushe shi da na kwashe ƙasar, tunda tifa ba ta shigowa, sai da baro. Tayinsa shi ne 100 ɗin da na ce.

Na biyu ya ce 110, amma da ganin yadda yake yi, so yake in ba shi gidan a hannu ya riƙe. Na uku, wanda ya fi su shekaru, ya ce 95, kuma shi kaɗai ya zauna ya sha ruwa ya yi mini bayani. Muna tsakanin Ƙofar Wambai da Kasuwar Kurmi, Kantin Kwari kuma tafiyar ƙafa ce. Masu kuɗin da ke sayen gidaje a wannan yanki ba wurin kwana suke nema ba, sun daɗe da komawa Nasarawa, Hotoro da Rijiyar Zaki. Shaguna da sito suke so. Sito kuwa sai inda mota za ta tsaya a sauke dila. Ya kai ni ya nuna mini wurare biyu. Ɗaya a bakin titi, bai kai namu girma ba, an rushe an tayar da bene mai shaguna a ƙasa, ya ce kuɗin da aka saye shi ya ninka abin da ake taya namu fiye da sau biyu. Ɗaya kuma can cikin lungu, ya fi namu girma, shekara biyu ke nan magada suna nema masa mai saye, har rufin zauren ya rufta.

Duk ukun na ce musu albarka. Kowa ya tuna mini da la'adarsa kafin ya tafi.

Da dare na buɗe littafin nan na ga 143 da na rubuta a gefe. Ashe shi ne farashin.

Laraba, 21 ga Fabrairu

Birkila ya kawo lissafin sake ɗakunan yamma da bulo, ya ce lissafin na kwana uku ne, bayan haka ba ruwansa. Ba laifinsa ba ne. Buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama a watan nan. Shekaranjiya gwamnatin tarayya ta zauna da masu kamfanonin siminti aka ce an daidaita a kan 7,000 zuwa 8,000, amma mai shagon da na tambaya dariya ya yi. Dala ta wuce naira 1,500. Ya kuma ƙara kuɗin ɗauko yashi da bulo daga bakin titi a baro, abin da mai gini a sabuwar unguwa bai san da shi ba.

Gyaran, yadda yake a yau, ya kusa 30 cikin 100 ɗin. Kuma dillalai sun riga sun gaya mini ko an yi shi ba zai ƙara wa tayin ko kwabo ba.

Sai dai tsadar tana yanka ta ɓangare biyu. Wanda ya karɓi kasonsa a naira ya ajiye wata shida, me zai tarar?

Asabar, 9 ga Maris

Takardu. Hajiya ta fito da wata tsohuwar adaka daga ƙarƙashin gado. A ciki akwai takarda guda da ajami, wadda Baba ya sayi kason 'yan'uwansa bayan rasuwar kakanmu, da sa hannun shaidu da hatimin mai unguwa na lokacin. Sai rasiɗan haraji da na wuta. Shaidar mallaka ta gwamnati babu, kamar gidaje da yawa a cikin birni.

Na je wajen wani abokina lauya. Ya ce tun Dokar Amfani da Filaye ta 1978, ƙasar birni tana hannun gwamna ne a matsayin amana, abin da mutum yake riƙe da shi izinin zama ne, wanda a gidan kwana yawanci shekara 99 ake rubutawa. Gidan da aka gada tun kafin dokar ba a ƙwace shi ba, haƙƙinmu yana nan, amma banki ba ya karɓar takardar mai unguwa jingina, kuma babban mai saye zai rage kuɗi saboda shi zai yi wahalar neman takardar a ma'aikatar ƙasa da KANGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filayen jihar Kano. Ya ƙara da cewa tun rusau ɗin watan Yunin 2023, da aka rushe gine-ginen tsohon otal ɗin Daula da shagunan Filin Idi, masu saye a Kano sun koma tambayar takarda kafin su tambayi farashi. Namu ba filin gwamnati ba ne, amma tsoron ya shafi kowa.

Ya kuma tuna mini da shufa'a: muddin ba a raba gidan ba, idan ɗayanmu ya sayar da kasonsa ga bare, sauran suna da haƙƙin karɓa a kan kuɗin da aka saya. Na ji daɗin wannan, domin mijin ɗaya daga cikin ƙannena ya fara kawo wani "abokinsa" yana zagaya gidan.

Azumi jibi ko gata. Na ajiye aikin sai bayan salla.

Asabar, 27 ga Afrilu

Asabar biyu na yi ina yawon bayan gari da kason namiji a raina, wato 17 da rabi cikin 100, da na mace, wanda bai kai 9 ba. Na je Ɗorayi, Ɗanbare, Gaida, na leƙa Mariri.

Kason namiji zai sayi fuloti a awon igiya, wato wanda ba gwamnati ce ta yanka ba, can inda kwalta ta ƙare, ba ruwa, ba magudana, wutar ma sai an haɗa kuɗi an sayi turaku. Fuloti kawai, ba gini. Awon gwamnati mai takarda ya fi ƙarfinsa. Kason mace sai dai rabin fuloti, ko a haɗa da na miji. Tumunin Hajiya kuwa, 12 da rabi, ba zai saya mata ɗaki da tsakar gida a ko'ina da za ta yarda ta zauna ba.

Na lissafa wa autanmu kuɗin motarsa. Yana tsaron shago a Kwari, yanzu da ƙafa yake zuwa, ya dawo cin abincin rana. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, in ya koma Ɗanbare, abin da zai kashe a adaidaita sahu kullum zai cinye kusan abin da yake tarawa. Dillali ba ya sa wannan a farashi. Haka ba ya sa asibitin Murtala da yake kusa, ko makarantar allon da ke zauren maƙwabta, ko matan lungun da ke shigowa wajen Hajiya tun safe, waɗanda tare aka kawo su amare.

Kada in yi son kai, ni ma da nake wannan lissafi a Sheka nake haya, kuma ba na jin zan iya dawo da iyalina lungun nan. Kwatar da ke bin gefen hanya, warinta da zafin Afrilu, ruwan rijiyar da ba a sha sai wanki tunda masai ya kewaye ta ko'ina, mai ruwa da sai an roƙe shi yake shigo da kura. Ƙannena biyu da suke son a sayar ba rashin kishin gida ne ya sa su ba. Ɗaya mijinta ba ya aiki tun bara.

Litinin, 15 ga Yuli

An kwana ana ruwa. Da asuba autanmu ya kira ni. Ruwan lungu ya gangaro ta zaure, ya cika tsakar gida har idon sawu, kafin ya samu ya fice ta rariyar baya. Bangon ɗakin ƙarshe na yamma ya zauna, ya tsage daga sama har ƙasa, hannu yana shiga. Alhamdu lillahi mun bi maganar dattijon, tun Mayu aka kwashe kayan ciki. Turaka ko ɗigo.

Na tsaya cikin ruwan ina kallon inda yake bi, sai na ga abin da tef bai nuna mini ba. Ba ruwanmu kaɗai ne ke fita ta filin awaki ba. Gidaje biyu na gefenmu ta ƙarƙashin katangarmu suke zubo nasu, ya haɗu da namu ya fita ta baya. Na tambayi Hajiya, ta ce tun zamanin kakanmu haka yake, ba a taɓa rubutawa ba, ba a taɓa faɗa ba.

Mun sa an ɗaga dokin ƙofa da bulo jeri biyu. Yanzu Hajiya sai an riƙe mata hannu take tsallakewa.

Asabar, 24 ga Agusta

Farkon watan ba a yi komai ba, zanga-zangar tsadar rayuwa da dokar hana fita sun tsayar da gari. Sai ga shi a makon nan mai unguwa ya aiko a kira ni.

Na je na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Malam, wani Alhaji ne ya zo ta wajena, yana son magana da ku a kan gidanku, amma ta baya."

Ban gane ba sai da aka zagaya da ni. Katangarmu ta baya, karkatacciyar nan, tana jingine da wani kango da ke fuskantar ɗaya titin, wanda mota ke bi. Ni a iya sanina wannan wata unguwa ce daban, don in za ka je daga ƙofarmu sai ka yi zagaye mai nisa. Alhajin ya sayi kangon zai yi sito, wurin ya yi masa kaɗan. Daga bakin kwaltarsa zuwa filin awakinmu taku 12 ne. Na ƙirga.

Ya taya gidan gaba ɗaya 140. Na ce, "Ranka ya daɗe, sai na koma ga 'yan'uwa." A hanya nake ta tunanin dillalan nan uku, da ba wanda ya leƙa bayan katanga. Ko kuwa na ukun ya leƙa, ya yi shiru?

Lahadi, 8 ga Satumba

Zama na biyu, an fi na farko zafi. Da na faɗi 140 sai fuskoki suka canja, har waɗanda da suke cewa a bar gida. Yaya Babba ya juya wajen Hajiya ya ce, "Hajiya, ke muke saurare." Ta ajiye carbi ta ce, "Ku raba abinku, haƙƙinku ne. Ni dai ku gaya mini ɗakin wa za a kai ni." Ba wanda ya amsa.

Ni na kawo shawara ta uku, wadda na kwana biyu ina juyawa. A yanka masa bayan kawai: filin awaki da ɗakunan yamma biyu da suka riga suka mutu, kusan kashi ɗaya cikin uku na gidan. Wurin da ba shi da amfani a wajenmu shi ne mai tsada a wajensa. Da kuɗin a sallami mata biyun da ke son kasonsu, abin da ya saura a gyara magudana, a ɓanɓare simintin gindin katanga a yi yaɓen da dattijon ya ce. Zaure, shigifa, turaka da ɗakuna huɗu su zauna a hannun sauranmu shida.

Yaya ya kawo ƙorafi mai ƙarfi, kuma yana da gaskiya. In aka sayar da bayan, abin da ya rage ya koma gidan taku 143 har abada, ƙarami kuma, ba wanda zai sake taya shi da daraja. Ƙanwata ta biyu ta tambaya a kan wane farashi za a sallame su, 100 ko 140? Ban da amsa a take. An tsaya a kan a kawo mai ƙiyasin kadarori mai rajista ya yi wa sassan biyu kuɗi daban-daban a rubuce, don kada a ce ni na yanka.

Abin da ke gabana kafin ƙarshen wata: in ji ko Alhajin zai karɓi bayan kaɗai, da nawa. In nemo safiyo ya fitar da iyaka. In tambaya a KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, ko irin ginin da zai tayar yana da izini, domin bene a jingine da katangar ƙasa ba wasa ba ne, ba mu manta da wanda ya rufta a titin Beirut a 2022 ba. Sai maganar rariya, wadda dole ta shiga takardar ciniki da sa hannun mai unguwa da maƙwabtan biyu, in ba haka ba ruwan gida uku zai rasa hanya a daminar baɗi. Dattijon magini ya ce zai zo Laraba ya duba ko za a iya juya ta ta gefen gabas.